Na Zuba Waƙoƙi a Na'urar MP3 Amma Ba Su Fito Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na mai ƙaramar na'urar sauraro ce ta hannu, ko irin wadda aka fi kira MP3, ko iPod, ko Walkman, ko manyan na zamani masu tsarin Android, wanda ya kwafi waƙoƙi ko karatu ya zuba, ya zare kebul, ya duba bai ga komai ba. Matsalar ba ta wuce ɗaya daga cikin abu uku: ko fayil ɗin bai shiga ba tun farko, ko ya shiga amma na'urar ba ta iya karanta irinsa, ko kuwa ya shiga lafiya, tana iya karantawa, sai dai ba ta rubuta shi a rajistarta ba. Kafin ka gano wanne ne naka, kada ka goge komai.

Kwamfuta ta nuna waƙoƙin suna ciki, na'urar kuma ta ce babu. Wace ce ke ƙarya?

Babu mai ƙarya, kowace da inda take dubawa. Kwamfuta tana leƙa foldoji kai tsaye, abin da ta tarar shi take nuna maka. Ita kuwa na'urar, idan ka shiga sashen waƙoƙi ba foldoji take buɗewa ba. Wata 'yar rajista take karantawa wadda ita ta rubuta wa kanta, mai ɗauke da sunan kowace waƙa, da mawaƙinta, da albam, da inda fayil ɗin yake zaune. An yi mata haka ne don ƙarfinta kaɗan ne. Da a ce duk taɓa maɓalli sai ta bi dubban fayiloli ɗaya bayan ɗaya, da batir ya ƙare ba ka ji baiti guda ba.

Fayil ɗin da bai shiga rajista ba kamar ɗalibi ne da ya samu benci a aji amma ba a rubuta sunansa ba: yana zaune, in an zo kiran suna ba za a ambace shi ba.

Yawancin na'urori suna sabunta rajistar da kansu da zarar an zare kebul ko an sa kati. A SanDisk za ka ga "Refreshing your media", a Walkman na Sony kuma wani rubutu mai nuna tana gina ma'ajiyar bayanai. Ka ƙyale ta ta gama, ko da za ta ɗauki mintuna. Mai kashe na'ura a tsakiyar wannan aiki shi ke samun rabin jeri. Wasu kuma ba sa yi sai an ce su yi: ka shiga saituna ka nemi wani abu mai kama da "Update library" ko "Scan music", ka danna.

Rajistar ma fayil ce, tana buƙatar wurin zama. Idan ka cika na'urar maƙil har babu masaka tsinke, ba za ta samu inda za ta rubuta ba. Ka rage mata kamar MB 200 ka sake gwadawa. A wasu samfuran Sansa na kamfanin SanDisk sunan rajistar MTABLE.SYS, idan ta lalace, goge ta daga kwamfuta yana tilasta wa na'urar gina sabuwa, kuma waƙoƙinka ba abin da zai taɓa su.

Ta yaya zan gane wanne ne nawa cikin ukun?

Gwaji biyu sun isa. Na farko, nemi sashen da ke nuna foldoji a na'urar, wanda galibi aka rubuta wa "Folder" ko "Browse files". Idan waƙar tana nan kuma ta kaɗa, to fayil lafiyarsa ƙalau, rajista ce ko bayanan cikinsa. Idan tana nan amma ta ƙi kaɗawa, nau'in fayil ne ko lalacewa. Idan babu ita ko a nan, ko dai ba ta shiga ba, ko na'urar ta ɓoye ta don ba ta san irinta ba. Da yawansu abin da ba su iya karantawa ba sa ma nuna shi.

Na biyu, ɗauki waƙa guda da ka tabbatar tana kaɗawa a wannan na'urar, ka canza mata suna zuwa wani abu gajere kamar gwaji.mp3, ka ajiye ta a daidai foldar da sabbin suka ɓace. Idan ta fito, laifin sabbin fayilolin ne. Idan ita ma ta ɓace, laifin wurin ne: folda, kati, ko rajista. Mutane suna raina wannan gwaji don sauƙinsa, alhali shi ke raba gardama cikin minti biyu.

Akwai foldar da ta zama dole a zuba a ciki?

Ya danganta da na'ura. Ƙananan marasa suna galibi duk inda ka jefa za su gani. Walkman kuwa tana son waƙa a cikin foldar MUSIC, kuma littattafan jagorar samfura da yawa sun iyakance zurfin foldoji zuwa hawa takwas. Abin da ya nutse ƙasa da haka ba ta bin sa. Wannan yakan kama wanda ya kwafo babbar folda ɗungurungum daga kwamfuta, folda cikin folda cikin folda. Tsarin MUSIC, sannan mawaƙi, sannan albam, ya ishi kowa.

A SanDisk, abin da aka sa a foldar Podcasts ko Audiobooks ba ya fitowa a sashen waƙoƙi, yana da nasa sashe dabam. Ka leƙa can kafin ka ce ya ɓata.

Idan na'urar tana da ma'ajiyar ciki da kuma kati, ka tabbatar wanne kake kallo. Wasu suna haɗa su a jeri ɗaya, wasu sai ka zaɓa.

Na jawo waƙoƙi na sauke a iPod kamar yadda ake yi wa filashi, ba ko ɗaya da ta fito.

Ba za su fito ba, kuma ba lalacewa ba ce. Tun fitowarta a 2001, iPod ba ta gina rajistarta da kanta. Manhajar kwamfuta ce ke rubuta mata. Waƙoƙin da iTunes ya zuba suna zama a wata ɓoyayyiyar folda mai suna iPod_Control, an sauya musu suna zuwa gajerun haruffa, kuma abin da ke cikin rajistar kaɗai iPod ke kaɗawa. Wanda ka jefa da hannu ajiya ce kawai take yi maka.

Hanyar ita ce ka shigar da waƙoƙin cikin iTunes a Windows, sannan ka tura su. A Mac, tun daga macOS Catalina na 2019, manhajar Music ke riƙe waƙoƙi, turawar kuma ta Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, ake yi. Ka sani tsoffin iPod ba sa kaɗa fayilolin sauti irin FLAC ko WMA. MP3 da AAC da ALAC da WAV da AIFF suke ci. Sannan a yi hattara: idan aka haɗa iPod da kwamfutar da ba tata ba, za a tambaye ka ko a goge a daidaita ta da wannan sabuwar. Ka amsa da e, duk abin da ke ciki ya tafi.

Tsoffin Walkman na zamanin SonicStage ma haka suke, sai ta manhajarsu. Na baya-bayan nan suna karɓar kwafi kai tsaye.

Sunan fayil ɗin ya ƙare da .mp3, kuma na'urar MP3 ce. Me zai hana ta karanta shi?

Wutsiyar suna, wato haruffan bayan ɗigo, ba ita ce fayil ba. Kowa na iya sauya ta. Shafukan sauke sauti daga bidiyo da yawa suna ba ka sautin AAC ko Opus, su liƙa masa .mp3 a ƙarshe. Kwamfuta da waya ba sa damuwa, domin manhaja irin VLC tana leƙa cikin fayil ta gane ainihinsa. Ƙaramar na'ura kuwa ta yarda da sunan, ta buɗe, ta tarar da abin da ba ta sani ba, ta tsallake. Haka nan wanda ya ɗauki saƙon murya na WhatsApp, wanda Opus ne, ya canza wutsiyar da hannu: bai juya komai ba, suna kawai ya canza.

Manhajar MediaInfo, kyauta ce, za ta faɗa maka gaskiyar abin da ke ciki. Idan MP3 ne na ainihi za ka ga "MPEG Audio" da "Layer 3". Idan ba shi ba ne, sai a juya shi da manhajar juyi irin fre:ac ko foobar2000 ko Audacity. Windows kuma tana ɓoye wutsiyar suna in ba ka ce ta nuna ba, don haka fayil mai suna waka.mp3 yana iya zama waka.mp3.webm ba ka sani ba. Ka kunna nuna wutsiya, ka bar ta a kunne.

Wutsiyar .m4a ta fi kowace yaudara, saboda abu biyu ke amfani da ita: AAC, wanda na'urori da yawa ke kaɗawa, da ALAC na Apple, wanda ƙanana da yawa ba su iya ba. Waƙa biyu masu wutsiya ɗaya, ɗaya ta fito ɗaya ta ƙi, sau da yawa wannan ne dalili.

Ko nau'in ya dace, akwai ma'auni. Sautin faifan CD bit 16 ne a kan kHz 44.1, kuma duk na'urar da ta ce tana karanta FLAC ko WAV tana karanta wannan. Fayil mai bit 24 a kan kHz 96 ko 192 kuwa sai wadda aka ƙera don haka. A rage shi zuwa ma'aunin CD, a ajiye na asali a kwamfuta. Idan so kake ka huta da tunani gaba ɗaya, MP3 mai kHz 44.1 a kan kbps 192 zuwa 320 shi ne abin da da wuya ka samu na'urar da za ta ƙi.

Girman fayil ma shaida ne. MP3 mai kbps 128 yana cin kusan MB 1 a minti, mai 320 kuma kusan MB 2.4. Waƙar minti huɗu da ta zo da KB 3 ba waƙa ba ce. Wataƙila gajeriyar hanya ce mai wutsiyar .lnk, ko saukewar da ba ta ƙare ba, irin .crdownload na Chrome da .part na Firefox, ko fayil ɗin da ainihinsa yana can a OneDrive ko iCloud ba a sauko da shi ba. Masu jawo waƙa kai tsaye daga faifan CD su ma suna faɗawa nan: fayilolin .cda da Windows ke nunawa bayit 44 ne kowanne, alama ce kawai ta inda waƙar take a faifai. Sai an tatso sautin da manhaja tukuna.

Na sauke waƙoƙi a Spotify da Apple Music don ji ba intanet. Zan iya kwafar su?

A'a. Waɗannan a kulle suke, manhajar da ta sauke su kaɗai ke da mabuɗi, kuma muddin kana biyan kuɗin shiga manhajar. Ko ka gano inda suke ka kwafa, ba abin da zai kaɗa. Na'ura mai Android da ke karɓar manhajar kanta ita ce mafita, ko ka sayi waƙar a matsayin fayil.

Tsoffin waƙoƙin da aka saya a shagon iTunes kafin 2009, masu wutsiyar .m4p, suna da makulli su ma, iTunes ko na'urar Apple mai izini kaɗai ke kaɗa su. Wasu WMA na wancan zamani ma suna da nasu makullin.

Albam ɗaya na zuba mai waƙa goma sha biyu, bakwai suka fito. Ina sauran?

A nan ne aka fi ɓata lokaci, domin galibi sauran suna nan, a ƙarƙashin wani suna suka shige. Na'urar ba da sunan fayil take jera waƙa ba, da bayanan da ke manne a cikinsa take yi, waɗanda ake kira tag: taken waƙa, mawaƙi, albam, lamba, nau'i. Idan waƙa biyar ba su da waɗannan bayanai, za ka same su tare a ƙarƙashin "Unknown". Idan a wasu an rubuta sunan mawaƙi da sarari a ƙarshe, ko da ƙarin sunan baƙon mawaƙi, na'urar za ta ɗauke su mutum biyu ne ta raba albam ɗin. Maganin wannan shi ne gurbin "Album Artist": a cika shi da suna guda a dukkan waƙoƙin, ga na'urar da ke kula da shi.

Akwai kuma bayanan da ke shaƙe na'ura. Tsarin tag na MP3 sunansa ID3, kuma iri-iri ne. Na farko, na 1996, bayit 128 ne a ƙarshen fayil, haruffa 30 kacal ga take. Sai ID3v2.3 na 1999 da ID3v2.4 na 2000. Abin mamaki, na ƙarshen bai samu karɓuwa kamar na tsakiyar ba, kuma na'urori da dama har yau sun fi jin daɗin 2.3. Fayil ɗin da ya bi ta hannu da yawa yakan tara iri biyu ko uku a lokaci guda, kowanne da abin da yake faɗa. Ka buɗe foldar a Mp3tag, ka gyara bayanan, ka adana su a matsayin ID3v2.3 da tsarin haruffa na UTF-16, ka cire wani nau'in tag mai suna APE idan akwai. FLAC kuwa nasa tsarin dabam ne. Idan wata manhaja ta cusa masa ID3, wasu na'urori suna ƙin fayil ɗin baki ɗaya.

Zancen UTF-16 ya shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a tsohon tsarin haruffa na ISO-8859-1 da ID3 na farko ke tafiya a kai, haka ma rubutun Larabci. In an adana da tsohon tsari sai su koma alamar tambaya. In an adana daidai kuma, wata na'urar ba ta da siffar harafin, sai ta nuna ɗan akwati a gurbinsa, ko ta jefa waƙar can ƙarshen jeri bayan Z. Shawarata: sunan fayil a bar shi da haruffan boko marasa lanƙwasa da lambobi, lanƙwasar a sa ta a cikin tag, inda in ta ƙi ba za ta hana fayil buɗewa ba.

Hoton bangon albam ma yakan jawo. Wasu suna cusa hoto mai nauyin MB da yawa a cikin kowace waƙa, ƙaramar na'ura ta zo karanta shi ta sare, wani lokaci sabunta rajistar ya tsaya cak a kan wannan fayil, duk na bayansa su rasa shiga. JPEG na yau da kullum mai faɗin 500 da tsawon 500 ya wadatar ga ɗan allon da bai kai tafin hannu ba.

Idan sabuntawa tana tsayawa a wuri ɗaya kullum, fayil guda ne mai laifi. Ka kwashe rabin sabbin ka gwada. In ta wuce, mai laifin yana cikin waɗanda ka kwashe. Ka ci gaba da rabawa biyu. Ko fayil dubu ne, zagaye goma ya kai ka kansa. Manhajar MP3val tana iya duba MP3 masu rauni ta gyara wasu.

Kowace waƙa ta fito sau biyu, ɗaya da ɗigo da layi a gaban sunanta, kuma ba ta kaɗawa.

Da Mac aka zuba. Idan macOS zai rubuta a kati mai tsarin ajiya na FAT32 ko exFAT, yakan ƙirƙiri ƙaramin abokin tafiya ga fayil, mai farawa da ._ , inda yake ajiye nasa bayanai. Mac yana ɓoye su, na'urar kuwa ta ga wutsiyar .mp3 ta ɗauka waƙa ce. Umarnin dot_clean a Terminal, tagar umarni ta Mac, yana share su, ko a goge su daga Windows. Kuma a Mac, abin da ka goge daga kati yana nan a ɓoye yana cin wuri har sai ka zubar da kwandon shara katin yana haɗe.

Katin memori na sa, na'urar ba ta ga komai a kai ba, ko ta ce a yi masa fomatin.

Kada ka amsa mata tukuna, domin fomatin yana goge duk abin da ke kan kati. Katuna aji-aji ne. SD na asali ya tsaya a GB 2. SDHC ya kai GB 32, da tsarin ajiya na FAT32. SDXC, daga sama da GB 32 zuwa TB 2, yana zuwa da exFAT daga masana'anta. Na'urar da aka ƙera kafin exFAT ya yaɗu ba ta san shi ba, sai ta ga katin kamar wofi. Da yawa daga cikinsu suna karɓar katin GB 64 ko 128 idan aka mai da shi FAT32, duk da ba alkawari ba ne. Tagar fomatin ta Windows ba ta saba ba da zaɓin FAT32 ga abin da ya wuce GB 32 ba, sai da wata ƙaramar manhaja ta daban. A Disk Utility na Mac sunan FAT32 shi ne "MS-DOS (FAT)", kuma a zaɓi "Master Boot Record", domin katin da aka tsara da GUID na'urori da yawa ba sa ganinsa. NTFS da APFS kuwa a manta da su.

FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai GB 4. Ga waƙa wannan ba damuwa ba ne, sai ga mai dogon rikodin na WAV ko manyan fayilolin sauti irin DSD.

Katin da aka ciro daga waya yana da nasa tarko. Tun Android 6 na 2015 ana iya mai da kati wani ɓangare na ma'ajiyar cikin waya, kuma idan an yi haka ana kulle shi da mabuɗin wannan wayar kaɗai. A ko'ina kuma ba ya karantuwa. Sai a mai da shi wayar, a kwashe abin da ke ciki, sannan a yi fomatin.

Sai katin jabu, wanda ya fi duka cin rai. An rubuta GB 128 a jikinsa, kwamfuta ma ta ce 128, alhali abin da ke ciki bai wuce 8 ko 16 ba. An koya wa katin yin ƙarya ne. Alamarsa ba ta ɓuya: waƙoƙin farko da ka zuba suna kaɗawa, na baya kuma sunansu yana nan amma babu sauti, ko foldoji su koma wasu haruffa marasa ma'ana, ko su ɓace. Kwafin yana tafiya lami lafiya ba tare da wani gargaɗi ba, shi ya sa ake zargin na'ura. H2testw a Windows, ko F3 a Mac da Linux, suna cika katin su sake karantawa su faɗi ainihin girmansa. Gwajin yana ɗaukar lokaci, amma duk sabon kati ya cancanci a yi masa kafin a ba shi amanar komai. Araha ba ta ado.

Wani lokaci kuma ba kowanne ba ne cikin waɗannan: katin bai shige har ya yi ƙas ba, ko ƙarafunan bayansa sun yi datti.

Waƙoƙin suna kaɗawa a na'urar, amma kwamfuta ba ta nuna su. Ko akasin haka.

Hanyoyin haɗi biyu ne. MSC yana mai da na'urar kamar filashi, da harafinta a kwamfuta. MTP, wanda Microsoft ya fito da shi, na'urar ce ke riƙe da ma'ajiyarta tana miƙa fayil ɗaya-ɗaya. A Sansa da makamantanta, abin da aka zuba ta hanya ɗaya kwamfuta ba ta nuna shi idan aka haɗa ta ɗayar. Ka shiga saitin "USB Mode" ka sauya, za ka gan su. Idan akwai zaɓi, ni MSC nake fifitawa, don abin da ka gani shi ne ke nan, kuma Mac ba ya jin MTP sai da ƙarin manhaja. Sharaɗinsa guda: a sallami na'urar daga kwamfuta, wato a danna "Eject", kafin a zare kebul. Sandar kwafi takan cika alhali ragowar bayanai ba su gama sauka ba, kuma fayilolin ƙarshe su ke biyan kuɗin gaggawar.

Na'urata mai Android ce.

Duba abu uku. Izini: daga Android 13 manhajar waƙa tana buƙatar izinin "Music and audio", in an hana ta jerin zai zama wofi. Sai fayil mai suna .nomedia: duk foldar da yake ciki, da na ƙarƙashinta, tsarin yana tsallake su da gangan. Ɓoyayye ne, sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli za ka gan shi ka goge. Na uku, manhajoji irin FiiO Music da HiBy Music da Poweramp kowace da rajistarta, kuma sai ka nuna mata foldar katin da kanka ka ce ta bincika. Wasu suna da saitin watsi da gajerun sauti, don kada ƙarar kira ta cika jeri. In kana da gajerun karatu, wannan saitin ne ya haɗiye su.

Bayan na haɗa da wata kwamfuta, foldojina sun koma gajerun hanyoyi.

Ƙwayar cutar kwamfuta ce, tsohuwa sananniya. Ba ta goge komai, ɓoye foldojin take yi ta ajiye na bogi a gurbinsu. Kada ka danna su. A kwamfuta mai tsabta ka bincike na'urar da manhajar kariya, sannan a tagar umarni ta Windows ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin na'urarka. Foldojin za su dawo, sai ka goge na bogin.

Akwai iyakar yawan waƙoƙi?

Akwai, kuma ba ta da alaƙa da sauran wuri a kati. Rajistar kowace na'ura tana da adadin da take ɗauka, a ƙanana 'yan dubbai ne, wasu kuma suna da iyaka a kan kowace folda. Littafin jagora yakan faɗa. Idan an wuce, sauran ba sa shiga jeri, kodayake sau da yawa ana samunsu ta sashen foldoji. Dogayen sunaye ma suna cin gurbi: a FAT32 kowane haruffa 13 na suna gurbi guda ne a teburin folda. Kada a tara dubban fayiloli a folda ɗaya.

Jerin waƙoƙin da na tsara a kwamfuta ya fito, amma babu komai a ciki.

Fayil ɗin jerin waƙoƙi, wato M3U, ba ya ɗauke da waƙa, adireshi kawai yake ɗauke da shi. Idan adireshin ya fara da C: to kwamfutarka yake nunawa. Ka buɗe shi da Notepad ka gani. A tsara jerin daga waƙoƙin da ke kan katin, a adana shi a kan katin, da adireshin da ke farawa daga inda jerin yake.

Kwamfuta ba ta ma ganin na'urar, caji kawai take yi.

Canza kebul kafin komai. Kebul na USB na yau da kullum yana da wayoyi biyu na wuta da biyu na bayanai, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa da ƙananan kayan caji na wutar kaɗai aka sa musu. Daga waje ba a bambancewa. In na'urar tana da kati, cire shi ka sa a makarancin kati. Ya fi sauri ma.

Na gwada duka. In yi fomatin?

Yanzu kam e, da sharaɗi. Ka fara kwashe komai zuwa kwamfuta. A Windows ka gwada chkdsk E: /f tukuna, yana gyara teburin ajiya da ya hargitse, abin da ya tsinto yakan zuba shi a foldar FOUND.000. In za a yi fomatin ma'ajiyar ciki, a yi daga saitunan na'urar kanta, domin ita ta san foldoji da tsarin da take so, kuma Sony ma tana gargaɗi kan yi daga kwamfuta. Bayan nan kada ka juye komai gaba ɗaya. Ka zuba albam biyu, ka duba, ka ƙara. In ba haka ba fayil ɗin da ya jawo matsalar zai koma tare da sauran.

Ka kuma leƙa shafin kamfanin, sashen "Firmware", ko akwai sabuwar manhajar cikin na'ura. Sabuntawa takan ƙara nau'in fayil ko girman kati. A yi ta da cikakken batir. Ga masu tsoffin iPod da Sansa akwai Rockbox, manhaja ce ta kyauta da ke zama a madadin ta kamfani, tana kaɗa FLAC da Opus da sauransu, tana kuma bin foldoji kai tsaye ba sai da rajista ba. A tabbatar samfurin yana cikin jerin waɗanda take goyon baya kafin a taɓa.

Na goge tsoffi na zuba sabbi, da na sake haɗawa sai tsoffin suka dawo, sabbin suka ɓace. Har fomatin bai ci ba.

Idan babban kati ne ko adafta, duba ɗan maɓallin kulle da ke gefe. Idan ba shi ba ne, ma'ajiyar ta tsufa. Ƙwayoyin ajiya na kati suna da iyakar sau nawa za a rubuta a kansu, kuma katuna da yawa in sun ga ƙarshe ya zo sai su kulle kansu: a karanta, ba a rubutawa. Kwamfuta tana iya nuna kamar kwafin ya yi, amma ba abin da ya zauna. Babu manhajar da ke gyara wannan. Ka kwashe abin da ke ciki yau, tun yana karantuwa, ka sayi wani kati. Idan ma'ajiyar cikin na'urar ce ta yi haka kuma akwai ramin kati, ka koma zuba komai a kati; wasu za su ci gaba da aiki a haka, wasu kuma da ke rubuta rajistarsu a ciki ba za su ƙara sabunta jeri ba, sai dai ka riƙa shiga ta sashen foldoji.